BIKIN KIRSIMETI A LAMORDE: ƊAN GIDA NE, BA BAƘO BA

Duk ɗan Arewa da ke zaman neman abinci a Ikko ko Badun ko Anaca ko Fatakwal ba sai ya dubi kalanda ba kafin ya san watan Disamba ya kama, kasuwa ce ke fara gaya masa. Mai albasa da tumatir a Mile 12 ya kan ga kaya sun ƙare tun kafin azahar, mahauci a mayankar Oko-Oba ta Agege ya kan iske masu saye na jiransa tun da asuba, mai gadi kuwa sai ya ga maigida ya kwashe iyali ya nufi ƙauyensu ya bar masa makullai. Shekara da shekaru muna cin moriyar wannan biki na Kirsimeti, amma in ka tambayi da yawa daga cikinmu ko mene ne shi, sai ka ji wani ya ce bikin Ibo ne, wani ya ce na Turawa ne, wani kuma ya kaɗa kai ya ce shi dai bai san kome ba sai ciniki. To, jama'a, wannan amsa kuskure ce, kuma kuskure ne irin wanda kan jawo wa matafiyi wahala a ƙasar da ba tasa ba.

Wanda ke son ya ga inda kuskuren yake ba sai ya haye teku ba, ya isa ya waiwaya gida ya dubi Mubi ta Jihar Adamawa. A Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu akwai unguwar da ake kira Lamorde, kalmar Fulatanci ce mai nufin mazaunin sarauta. A nan da kewayenta za ka sami Gude da Fali da Njanyi da Higi da Margi da Fulani da Hausawa, ga masallaci ga majami'a, kuma sau da yawa uwa ɗaya uba ɗaya ne, wannan na zuwa Juma'a wancan na zuwa sujadar Lahadi. Kada a manta kuma mutanen wannan yanki da ƙuri'arsu suka zama 'yan Nijeriya. Dā ƙasar tana hannun Jamus, daga baya ta koma riƙon Ingila, sai a watan Fabrairu na 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama suka zaɓi shiga Jihar Arewa, aka kafa Lardin Sardauna da hedkwatarsa a Mubi. Musulminsu da Kiristansu da masu bin addinin gargajiya duk sun jefa wannan ƙuri'a. Saboda haka babu mai bakin da zai ce wa Kiristan Mubi shi ba cikakken ɗan Arewa ba ne.

Addinin Kirista a wannan yanki ya haura shekara ɗari. Ran 17 ga watan Maris na 1923 wasu Turawan Mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida. Daga wannan tushe ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta tsiro, wadda aka fi sani da EYN, hedkwatarta kuwa tana Kwarhi, kusa da Mubi. Ku lura da sunan, da Hausa aka raɗa shi. Littafi Mai Tsarki da ake karantawa a majami'un nan tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, wa'azi da Hausa ake yi, waƙoƙi da Hausa da harsunan dutse. In ka wuce ta bakin majami'a a Lamorde da safiyar 25 ga Disamba, sunan Allah za ka ji ana kira, da “amin”, da “alheri”, da “salama”, kalmomin da kai ma da su ka tashi.

Shirin bikin kuwa, in ban da abin da ake tunawa da shi, wanda ya san Sallah ba zai ga baƙon abu ba. Lokacin ya zo daidai da ƙarewar kaka, dawa da gyaɗa da wake sun shiga rumbu, manomi na da ɗan abin taɓawa. Tun farkon wata teloli ba su barci. Matan Zumunta su kan fitar da atamfa iri ɗaya, yara su yi ta kai da kawo wajen mai ɗinki suna tambaya. Magidantan da ba su da ƙarfin yanka su kaɗai su kan haɗa kuɗi su sayi sa a yi watanda, sau da yawa ma mahauci Musulmi ake kira ya yanka don kada maƙwabci ya yi ƙyamar naman. Ana soya cincin, ana dafa shinkafa da miyar dage-dage. Ran jajibere da dare mawaƙa su raya majami'a, yara su yi wasan kwaikwayon makiyaya da jariri a komin dabbobi. Gari na wayewa a tafi sujada, ana saukowa sai ka ga 'yan mata ɗauke da kwanuka a kai suna shiga gida gida, har gidajen Musulmi, kamar yadda kwanukan nan kan komo da tuwo da nama ran Sallah. Washegari, watau 26 ga wata, masu ƙauye su tafi ƙauye a yi rawar gargajiya, a ga dangin da ke aiki a Ikko da Abuja da Jos, a sa ranar aure, a raba gardamar gona. Ba a rasa masu wuce gona da iri wajen shaye-shaye, su ma limaman majami'a kowace shekara sai sun yi faɗa a kai.

To, daga ina ranar 25 ga Disamba ta samo asali? A nan ne mutane da yawa, har cikin Kiristocin kansu, za su yi mamaki. Daga cikin littattafan Linjila huɗu, biyu ne kaɗai, na Matiyu da na Luka, suka ba da labarin haihuwar Yesu Almasihu, watau Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Sun ambaci garin Baitalami, sun ambaci Sarki Hirudus, Luka ya ambaci ƙidayar jama'a da makiyaya masu kwana a daji da garkensu, amma babu wanda ya faɗi rana ko wata. Kiristocin farko sun yi fiye da shekara 200 ba su da bikin haihuwa, Ista ce babbar ranarsu. Wajen shekara ta 200 wani malami a Iskandariyya ta Masar mai suna Kilement ya rubuta cewa wasu na lissafin ranar a 20 ga Mayu, wasu kuma a cikin Afrilu. Mafi tsufan shaidar da ke nuna ana kiyaye 25 ga Disamba daga birnin Rum ta fito, cikin wani littafin kalanda da aka rubuta a shekara ta 354, wanda jerin ranakun cikinsa ke komawa zuwa 336.

Masana tarihi sun rabu biyu kan dalilin zaɓen wannan rana. Kashi na farko suka ce a lissafin Rumawa ita ce ranar da dare ke kai matuƙar tsawonsa a tsakiyar sanyi, daga nan yini ya fara ƙaruwa, kuma tun 274 Sarki Aureliyan ya ɗaukaka bautar rana a birnin, sai shugabannin Kirista suka ɗora nasu bikin a kan ranar don su janye mutane daga wancan. Kashi na biyu suka ce lissafi ne tsantsa. Tun kafin nan akwai masu riƙe da cewa ran 25 ga Maris ne Mala'ika Jibrilu ya yi wa Maryamu albishir ta ɗauki ciki, in ka ƙirga wata tara kuwa sai ka sauka daidai kan 25 ga Disamba. A ganina hujjar kashi na biyu ta fi ƙarfi fiye da yadda masu gardamar bakin kasuwa suke zato, amma ko wacce aka ɗauka magana ɗaya ce, mutane ne suka tsai da ranar don tunawa, ba saukar da ita aka yi ba. Kirista mai ilmi ya san haka, bai kuwa rage masa kome ba, gama shi haihuwar yake murna da ita, ba lambar da ke jikin kalanda ba.

Ita kanta shekarar ma akwai magana. Wani malamin zuhudu mai suna Diyonisiyus ne ya tsara ƙidayar Miladiyya a shekara ta 525, ya kuwa yi tuntuɓe a lissafinsa, don Hirudus ya mutu shekara 4 kafin farkon ƙidayar, shi ya sa yawancin masana ke sa haihuwar tsakanin shekara 6 da 4 kafin shekarar da ake ce wa ta ɗaya. Watau wannan lamba da muke rubutawa a rasit da takardar kotu kullum ta gaza da 'yan shekaru, duniya kuwa ba ta fasa tafiya ba. Har yau kuma ba duka Kiristoci ne ke biki rana ɗaya ba. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya gyara tsohuwar kalandar Yuliyos Kaisar, ya tsallake kwana 10 a watan Oktoba. Majami'un da suka ƙi bin gyaran yanzu ratar da ke tsakaninsu da sauran ta kai kwana 13, shi ya sa Ƙibɗawan Masar da mutanen Habasha da na Rasha ke nasu bikin ran 7 ga Janairu. Armeniyawa kuwa 6 ga Janairu suka riƙe tun zamanin dā. Mu da muka saba da gardamar ganin wata ba mu da abin yi wa kowa dariya a nan.

Bambancin da ke akwai shi ne Kirsimeti rana yake bi, bukukuwan Musulmi kuwa wata suke bi, suna matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. Don haka a Mubi kullum cikin hunturu Kirsimeti ke zuwa, Sallah kuwa tana zagaya shekara. Lokaci lokaci su kan haɗu. A shekara ta 2000 Kirsimeti ya faɗo cikin kwanakin ƙarshe na azumi, a 2015 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da hutun Mauludi ran 24 ga Disamba, na Kirsimeti washegari.

Sauran kayan ado da kuke gani a manyan kantunan Ikko duk daga baya suka zo, kowanne da ƙasarsa. Itacen nan mai fitilu al'adar Jamus ce, ta bazu a Ingila bayan wata jarida ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta a gindinsa a 1848. Katin gaisuwa a 1843 aka fara buga shi a Landan. Tsohon nan mai farin gemu da jar riga asalinsa wani bishop ne mai suna Nikolas da ya yi zamani a ƙarni na 4 a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya yi suna wajen kyauta ga matalauta. Abin dariya ma shi ne Turawan Ingila da suka bar mana hutun 25 da 26 ga Disamba su da kansu majalisarsu ta taɓa haramta bikin a 1647, sai a 1660 aka dawo da shi. A nan gida ma majami'ar Deeper Life ba ta yinsa. Kowace ƙasa ta sa wa bikin rigarta, Lamorde ta sa masa atamfa da watanda da rawar ƙauye, kuma wannan bai gaza itacen Jamus asali ba.

Na san mai karatu Musulmi zai ce, to, mu ina ruwanmu, alhali aƙidarmu game da Annabi Isa dabam take da tasu? Gaskiya ne dabam take, kuma ba za a rufe wannan da daɗin baki ba. Kirista ya gaskata Ɗan Allah ne, Musulmi ya gaskata bawan Allah ne kuma manzonsa. Kan taya murna ma malamai sun saɓa, irin su Shaihu Ibn Usaimin na Saudiyya sun hana, Gidan Fatawa na Masar ya halatta. Wannan fili ba na fatawa ba ne, kowa ya bi malamin da ya amince da shi, ba wanda aka ce ya shiga majami'a. Amma sanin abin da maƙwabcinka ke girmamawa, da kame baki daga zaginsa, da tsare masa ransa da dukiyarsa ran bikinsa, wannan babu saɓani a kansa. Mu 'yan ci-rani kuwa mun fi kowa cancantar tuna cewa Musulmin farko da suka bar gida, wajen shekara ta 615, ƙasar sarki Kirista suka nufa, watau Najjashi na Habasha. Da Ƙuraishawa suka aiko a mayar da su, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tashi a fada, labarin haihuwar nan ya karanta daga Suratu Maryam, sarki ya ji, ya ƙi ba da su. Labarin da ake wa biki ran 25 ga Disamba shi ne ya taɓa zama garkuwar Musulmi a baƙuwar ƙasa.

Mutanen Mubi sun san kuɗin da ake biya in aka bar masu raba jama'a suka yi yadda suka so. A farkon Janairu na 2012, kwanaki kaɗan bayan bam ɗin da ya tashi a majami'ar Madalla ran Kirsimeti, 'yan bindiga suka buɗe wa 'yan kabilar Ibo wuta a Mubi suna tsakiyar shawarar jana'izar 'yan'uwansu. Mako bai cika ba aka kai wa masallaci hari a Benin, 'yan Arewa a garuruwan Kudu da dama suka yi ta ɗaure kaya. Wanda ya harba bindiga a Mubi bai san mai sayar da goro a Benin ba, amma shi ya biya bashin. Ran 29 ga Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka shiga Mubi suka sauya mata suna, suka mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi, suka lalata majami'u, jama'a Musulmi da Kirista suka bazu cikin duwatsu, wasu Kamaru, wasu Yola. Ko da soja da mafarauta suka ƙwato garin a tsakiyar Nuwamba, mutane da yawa a gudun hijira suka yi Kirsimetin wannan shekara. Masu zaton wutar za ta tsaya a majami'a kuwa sun ga amsa ran 21 ga Nuwamba na 2017, sa'ad da bam ya tashi a wani masallaci a Mubi lokacin sallar asuba ya kashe mutum wajen 50. A Yola, Bishop Stephen Mamza na ɗarikar Katolika ya buɗe harabar majami'arsa ga 'yan gudun hijira bai tambayi addinin kowa ba, da ya gina musu gidaje kuma, a 2021, har da masallaci ya haɗa.

Akwai kuma wani ɗan'uwa da ba mu cika tunawa da shi ba, shi ne Kiristan Arewa mazaunin Kudu. Yana cikin masu gadi da 'yan acaɓa da masu dako da soja da 'yan sanda. Mutumin Kudu na ganinsa ya ji Hausa a bakinsa sai ya ce masa “aboki”, in rikici ya tashi kuwa ba mai tsayawa ya tambaye shi ko sunansa Bitrus ne ko Buba. In ya koma Sabo ko zango wajen 'yan'uwansa, sai ya ga ana ja da baya da shi, ba a kiransa taro, ba a sa shi cikin shawara. Ran Kirsimeti, in aiki ya hana shi tafiya gida, sai ya nemi majami'ar EYN ko ECWA mai sujada da Hausa, ya dawo ɗakinsa ya ci abincinsa shi kaɗai. Wannan abin kunya ne gare mu. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da sauran zangonni, sarautarsu ta dukan 'yan Arewa ce, ya kamata a ga Bamargi da Bahigi Kirista zaune a majalisarsu, a kuma aika masa da gaisuwa ran bikinsa kamar yadda shi ke zuwa gaisuwar Sallah.

Kada kuma mu yi ta nuna wa wasu yatsa mu manta da namu. Shanun da ake lodawa a kasuwar Mubi, da yawansu daga Kamaru da Cadi, su ne ke sauka a Lokpanta da Akinyele da Agege, su ne naman Kirsimetin Kudu. Riba halal ce, kuma kowa ya san abin da direban tirela ke zubarwa a shingayen kan hanya kafin ya isa, wanda a ƙarshe mai saye ne ke biya. Amma ɓoye kaya don farashi ya hau, da tauye mudu don an ga mutum ya matsu da biki, wannan ba ciniki ba ne, kuma talakan Kudu da aka cuta a Disamba shi ne wanda ɗan siyasa mai neman fitina zai zuga a Janairu. Jam'iyyarmu ta ƙasa ce baki ɗaya, talakan Anaca da na Lamorde duk nata ne.

Batu na ƙarshe shi ne hanya. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, sun taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah. Motar da ke ɗauke da masu zuwa Kirsimeti a Mubi da Michika da Hong ita ma irin waɗannan hanyoyi take bi, da irin fuskokin, da irin harshen. Don haka muna kira ga rassan jam'iyya a garuruwan Kudu su zauna da sarakunan zango da shugabannin majami'un Hausa da ƙungiyar direbobi, a riƙa rubuta sunan kowane fasinja da lambar wani nasa kafin mota ta tashi, a hana tafiyar dare, a kuma sanar da 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra ranakun da ayarin zai fita. Tun mako guda kafin bikin motocin Yola da Mubi kan fara cika, saboda haka zaman ya kasance a makon farko na Disamba.